Ka Adana Muryar Kowa, Ban Da Taka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, 13 ga watan Agusta, 2025, daidai da 19 ga Safar, Allah ya karɓi ran yayana, Maharazu Isma'ila, wanda Rano da Kibiya suka fi sani da Maharazu Mai Sauti. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai yi doguwar jinya ba. An sallace shi bayan azahar a ƙofar gidanmu da ke Rano, ana yayyafi. Ya bar mahaifiyarmu Iya, da matarsa Jannatu, da 'ya'ya biyu, da ni ƙanwarsa Afra'u, da nake wannan rubutu a kan teburin keken ɗinkina.

Yaya, an hore mu da mu ambaci mamatanmu da alheri, kuma naka alherin ba sai na yi ƙari ba. Rayayyu kuwa ba su kai ga wannan alfarmar ba tukuna. Wanda ya ga sunansa a nan ya yi haƙuri, in ya ga dama kuma kada ya yi, duk ɗaya ne a wurina.

Ka san Iya. Yanar ido ta rufe mata gani tun kafin rasuwar Baba, kuma kai ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa nuna ta damu da kai a gaban mutane ba. Da aka fita da kai ba ta yi kuka ba, carbinta kawai take ja. Sai ranar sadakar uku, bayan mata sun watse, ta laluba ta kama gefen zanina, ta ce, "Afra'u, a cikin tarkacen nan na yayanki, babu inda ya yi magana? Ko gaisuwa ce, ki nemo min. Hoto ba ya yi min amfani." Na ce mata to, da ƙarfin gwiwata. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar muryoyin mutane, ina wahalar samun tasa? Haka na ɗauka, kuma tun daga ranar ba ni da wani aiki sai wannan.

Mutane kan kalli bidiyon biki ko na wasan kwaikwayo su yabi mai kamara. Ba wanda yake tambayar wa ya sa aka ji "na karɓa" ɗin waliyyin ango tsaf a tsakiyar hayaniyar ɗaurin aure. Kai ne, kana can gefe, sandar makirufo a sama, damatsanka suna rawa don gajiya. Mai kamarar da kuka fi daɗewa tare shi ne Ishiyaku, abokinka tun na firamare, wanda ya ci tuwon Iya har ya san wace rana take miyar kuka. Shi ake kira a ba shi kujera da lemo, kai a ce ka matsa kana shiga hoto. Ba ka taɓa damuwa ba. Cewa kake ido yana da yafiya, kunne ba shi da ita: in hoto ya yi duhu mutum zai daure ya kalla, in sauti ya lalace zai tashi ya bar wurin.

Sau ɗaya na bi ka kasuwar Sabon Gari a Kano, ni zan sari zare da leshi, kai za ka sayi makirufo, na kuma rantse ba zan ƙara ba. Kowa in zai gwada makirufo "halo, halo" yake cewa ya biya ya tafi. Kai sai ka sa aka kashe fanka, aka kashe rediyo, ka ce har masu ciniki a shagon su yi shiru. Ka sa hedifon, ka rufe ido, ka daɗe. Ka ce min makirufon kirki a shiru ake gane shi, na banza ko ba a magana yana huci shi kaɗai. Bayan nan ka ciro leda daga aljihu, ka ba ni, ka ce in murza ta a gabansa, in murza a gefensa, in koma bayansa in murza. Duk wanda ya jiyo ledar daga baya sai ka mayar wa mai shago. Har la'asar muna abu ɗaya, ni ina zagaye da leda kamar mai tsibbu. Daga ƙarshe ka zaɓi wani siriri mai dogon baki, wanda yake jin abin da aka nuna masa kawai, ya yi watsi da duk abin da ke bayansa. Ka ce wannan ya san sabgar gabansa, ba ya gulma. Mai shago ya ce in duk masu saye irinka ne, gara ya koma tallar gyaɗa.

Kana da 'yan ƙanana kuma, na maƙalawa a wuyan riga, don lokacin da kamara ta ja baya har sanda za ta fito a hoto. Babban abokin gabarsu shadda mai sitati. Na tuna wani ango a Tarai da ya sha sabuwar shadda, duk motsin da ya yi sai ka ji kamar ana ratsa busasshen kara. Ka dawo gida ranka a ɓace, ka zauna a bakin shagona har muka gano dabarar ɗinka ɗan aljihu na tattausan yadi ta cikin wuya, inda makirufo zai kwanta bai goga da komai ba. Hijabi ma muka samo masa tasa dabarar, a naɗe shi sau ɗaya ta ƙarƙashin haɓa. Da haka na koyi sana'arka ba tare da na nema ba. Ni ce kuma na ɗinka wa mai dogon baki rigar iska, mai hana hucin iska shiga sauti. Da farko ka nace sai da fatar ragon layya, ruwa ya taɓa ta, ƙudaje suka raka ka har Kibiya. Sai muka koma ga gashin wata rigar sanyin jarirai da na tsinta a gwanjo. Yara suna ganinka suna cewa ga mai gafiya a sanda, kai kuma kana ɗaga musu ita.

In za a yi aiki a wani gari, kai kake riga kowa zuwa, ka sami gindin bishiya ka zauna kana saurare. Ka san lokacin da injin markaɗen unguwa yake tashi, ka san gidan da ake kiwon zabi. Kai kake zuwa ka durƙusa wa mai inji ya ɗan dakata, kai kake jan janareto can bayan katanga da doguwar waya. Da damina ba ka yarda da ɗakin kwano, soron ƙasa kake nema, ka ce bangon ƙasa yana shanye amsa-kuwa. Ba ka sa takalmi mai ƙara, ba ka sa agogon ƙarfe, kuɗin silalla ma ba ka bari a aljihu.

Kuma ba duk aikinka ne na neman abinci ba. Mutanen Rurum Tsohon Gari ba za su manta da abin da ka yi wa Malam Alu ba. Tsufa ya cinye masa murya har ba a jin karatunsa daga sahu na biyu. Ka je ka rataye barguna a zaurensa, ka sa makirufo kusa da gemunsa, ka yi ta komawa har ya sauke abin da zai iya saukewa, ba ka karɓi ko kuɗin mota ba. Yau ba ya raye, amma da azumi 'ya'yansa suna jin sa kamar yana zaune a kan buzunsa. Haka ka yi wa Inna Jummai ta rugar bayan Tarai, ka bi ta cikin raɓa don ka ɗauki yadda take kiran shanunta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Jikokinta sun zo gaisuwa, sun ce duk sanda aka kunna, tsohuwar saniyar da ta rage sai ta ɗago kai. Gidaje da yawa a ƙasar nan suna da muryar mamacinsu saboda kai.

Ba zan ce ba ka da aibi ba. A wurin aiki ba ka da daɗi. Ka kori mai tari, ka kori mai goyo, ka taɓa tsayar da wani dattijo a tsakiyar jawabi ka ce ya tofar da goronsa. Harshenka yana da kaifi, kuma ba ka duba wanda yake wurin kafin ka sare mutum. Mun faɗa maka a gida, ka ce gaskiya ba ta da sitati.

Ni da Jannatu muka buɗe akwatinka. Ga memori cike da gwangwanin madara, ga tsofaffin faya-fayai, ga kwamfutarka mai fasasshen murfi. Muka zauna muna ji. Mun ji ɗaurin aure, mun ji wa'azi, mun ji 'yan siyasa suna alƙawarin rijiya, mun ji mutanen da mun manta sun taɓa rayuwa. Kowane ɗauka yana farawa da tafi guda ɗaya, wanda kake yi don a daidaita sauti da hoto. Wasu masu aikin sukan faɗi lambar fitowa da bakinsu, kai tafi kake yi. Daga nan sai ka koma bayan makirufonka, shi kuwa ka zaɓe shi ne don kada ya ji abin da ke bayansa, bai kuma taɓa saɓa maka ba. Na duba wayata da ta Jannatu, babu saƙon muryarka ko ɗaya, domin ka ce waya tana shaƙe murya kamar an kama kaza a wuya, sai dai ka kira ko ka rubuta. Bidiyon aurenka ma wani ne ya ɗauka da makirufon kamara, ka ji shi sau ɗaya ka jefa a masai. Na kai wa Iya tafin, na ce ga hannunka. Ta saurara, ta ce, "Tafi ai kowa yana da shi."

Na san akwai wuri ɗaya da muryarka take. Na san shi tun ranar da Iya ta tambaya, ina ta kewaye shi ne kawai.

Kunnenka ya fara tafiya ne a wani biki a Kibiya, da mawaƙi ya matsa da makirufonsa gaban lasifika, ta yi wata irin ƙara, kai kuma ka ƙure hedifon kana neman muryar uwar amarya. Tun daga nan ka ce kamar gyare ya tare maka a kunnen hagu. Aka je asibiti a Kano, aka sha magani, na dama ma ya bi sahu a hankali. Ka koma aiki da ido, kana kallon 'yan fitilun rakoda, kore da rawaya da ja, suna hawa suna sauka. Wani lokaci ya yi kyau, wani lokaci gurnanin janareto ya shiga ba ka sani ba. Muryarka kuma ta ɗaga, tunda ba ka jin kanka. A gida ba wanda ya faɗa maka. Iya ma daɗi take ji, tun daga zaure take jin sallamarka, ta gyara zama. Ita ba ta ganinka, kai ba ka jin ta, muryar nan taka ita kaɗai ta rage a tsakaninku.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Amiru yana da shagon ɗaukar bidiyo a Kibiya, yana shirya 'yan gajerun wasannin barkwanci na kallo a waya. Shi ya fara kawo ƙananan makirufo marasa waya, masu kamar kwalin ashana. Ranar da ya nuna maka su, a gaban yaransa da baƙinsa ka ce kayan wasan yara ne, ka ce wanda ya zaɓi makirufo don kyan kwalinsa zai zaɓi mata don kyan mayafinta. Aka yi masa dariya. Zan faɗi gaskiya ko da a kanka ne, Yaya: abin nasa yana aiki. Bai kai naka ba, amma masu kallo a waya ba su san bambanci ba, kuma ba ya bukatar mai riƙe sanda. Duniya rawar 'yanmata ce, na gaba ya koma baya. Kira ya ragu, ya zo ya ɗauke. Da Amiru ya bar ka haka, da zamani ya rama masa, ba sai ya sa hannu ba. Amma bai ƙoshi ba.

Wata ranar kasuwar Kibiya ya aiko a ce yana da babban aiki, sai da kai. Ban manta farin cikinka ba. Ka kawo min rigar iska in kama mata inda ta farke, ka goge sanda, ka sa batir sabo. Ka tsaya a ƙofar ɗakin Iya ka ce mata an tuna da kai, da ƙarfin da maƙwabta ma sun ji.

Abin da ya faru a can wata mai kawo min ɗinki ce ta ba ni labari, tana wurin tana sayar da alayyafo, daga baya kuma na gani da idona. Ka haɗa kayanka, ka tafi sallar azahar. Kafin ka dawo suka zare makirufon daga cikin rigar da na ɗinka, suka cusa rogo a madadinsa. Ka dawo ka ɗaga sanda a tsakiyar kasuwa, ka yi tafinka. 'Yan wasa suka fara, ba wasan suke yi ba, kai suke zagi, fuska a sake kamar suna hira. Ka duba rakoda, fitila ba ta motsi. Ka ce a yi shiru. Ka ce su ɗaga murya. Suka ƙara matsowa bakin rogon suna faɗar abin da ba zan rubuta ba. Ka duba waya, ka jijjiga batir, gumi yana zuba, kana ba su haƙuri. Kasuwa ta taru, masu tumatir suka bar tumatirinsu. Da abin ya ishe su, Amiru ya miƙa hannu ya zare rigar, ya ɗaga rogon sama, ya gatsa. Ana ɗaukar duk wannan da wayar hannu, kuma wanda ya riƙe wayar Ishiyaku ne. Wannan ban faɗa wa kowa a gida ba, ko Jannatu.

Suka sa wa bidiyon kiɗa, suka rubuta "Kurma Mai Sauti" a sama, suka sake shi. Ya zaga Rano, ya zaga Kano, ya je inda aikinka na gaskiya bai taɓa zuwa ba. Mutanen da ka ɗauki muryar iyayensu kyauta suna cikin masu turawa. Ba rogon ne ya kashe maka zuciya ba. Ka ga bidiyon a wayar wani a teburin mai shayi, ba ka ji komai ba, amma ka ga bakinka a wangame, jijiyar wuyanka a tashe. Ka dawo gida ka tambayi Jannatu, "Ashe ihu nake yi?" Ta sunkuyar da kai. Ita ce maganarka ta ƙarshe da wani ya ji da ƙarfi. Daga nan sai nuni da hannu, sai rubutu a bayan kwali, in ta matsa ka yi raɗar da ba ta fita. Kakan shiga ɗakin Iya ka zauna ka riƙe hannunta, ita tana ta tambayar me aka yi maka, kai ba ka ji. Mun ce mata maƙogwaro ne yake damunka. Haka kuka yi ta zama har damina ta faɗi, har ka kwanta.

Ranar jana'izarka Ishiyaku ne a sahun gaba. Shi ya shiga kabari ya karɓe ka, shi ya zauna a tabarmar maza yana amsa gaisuwa kamar ɗan gida. Kullum da safe kuma yana zuwa ya durƙusa a ƙofar Iya, tana sa masa albarka. Ni kuwa ina kallonsa ta labule.

Bidiyon da yake yawo a wayoyin mutane ba zai yi wa Iya amfani ba, kiɗa ya danne muryarka. Na asalin nake bukata, shi kuwa yana hannun Amiru. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na sa hijabi na hau motar Kibiya. Ya bar ni a kan benci a ƙofar shago har rana ta take, mutane suna wucewa suna nuna ni da baki. Da ya fito ya ce, "Anti Afra'u, wallahi wasa ne, kin san harkar. Yanzu ga shi tun da ya rasu mutane sai tsine min suke a waya, har talla ta ragu." Na ce ban zo shari'a ba, muryar yayana na zo karɓa wa uwarsa. Ya ce zai bayar, amma in taimake shi ni ma, in tsaya gaban kamara in ce da saninka aka shirya wasan, kuma iyali sun yafe.

Na tsaya, Yaya. Ya maƙala min ɗan kwalin ashanar nan a hijabi. Na faɗa, ya saurara, ya ce yadi yana gogawa, a sake. Na sake, ya ce har yanzu. Sai na ga hannuna da kansa ya cire shi, ya naɗe hijabin ta ƙarƙashin haɓa yadda muka gano ni da kai, ya mayar. Sautin ya fita tsaf. Amiru ya ce, "Kai, Anti, ashe ke ma gwana ce." Duk wanda ya ga wannan bidiyon ya sani ƙarya na yi, ba da saninka aka yi ba, ba kuma wanda ya tambayi Iya ko Jannatu ko sun yafe.

Amiru ya ba ni na asalin, na kai wa wani mai tace sauti a Kano, na roƙe shi ya cire dariyar ya bar min kai kaɗai. Ya gwada, ya ce makirufon waya ba ya zaɓe, komai yake kwasa ya dama wuri ɗaya, in ya cire dariyar muryarka za ta bi ta. Ya ƙara da cewa wanda ya riƙe wayar ya fi kowa fitowa, tunda bakinsa ne a kusa. Na dawo da shi yadda yake.

Na sami Iya da hantsi tana zaune a bakin gado. Na ce mata na samo, wani wasan ban dariya ne da kuka yi a kasuwa, kai ne kake ba da umarni. Na kunna, na sa mata a tafin hannu. Ta karkatar da kai. Sai ga ka, Yaya, a cikin ɗakin, da ƙarfinka: "A yi shiru, jama'a, don girman Allah a yi shiru! Ku ɗaga murya, ba ya zuwa!" Dariya ta rufe ka. Can ka sake fitowa: "Ku yi haƙuri, laifina ne. Ku yi haƙuri, yanzu zan gyara." Iya ta matso da wayar kusa da kunnenta. Da ya ƙare ta ce in sake. Na sake. Sannan ta ce, "Afra'u, ido na rasa, ba kunne ba. Na san dariyar da ake yi da mutum, na san wadda ake yi masa." Na buɗe baki, ta ce, "Bari, kada ki faɗa min abin da suka yi. Wannan na kusa, mai shiɗewa kamar zai mutu, Ishiyaku ne." A lokacin hawayen da ba ta yi ranar jana'iza ba suka zubo, ba ta kuma share su ba.

Washegari Ishiyaku ya zo gaisuwa kamar kullum. Na so in tare shi a zaure, Iya ta ce a shigo da shi. Ta amsa gaisuwarsa har ƙarshe, ta tambayi matarsa da yara, ta ce in kawo masa kunu. Sannan ta ce, "Zauna sosai, ɗan nan. Afra'u ta samo mana muryar abokinka." Ta miƙo min wayar. Na kunna. Ya ji kansa yana shiɗewa da dariya a cikin ɗakin da ya ci tuwo tun yana yaro. Kofin kunun yana hannunsa, ya kasa sha, ya kasa ajiyewa. Ya ƙare, ta ce in sake. Ana tsakiyar na biyu ya fashe da kuka, ya kifa goshinsa a tabarma, yana cewa, "Iya, ki yafe min, Iya, don Allah ki yafe min." Ba ta ko juya wajensa ba. Ta ɗaga hannu ɗaya ta ce, "Yi shiru, yana magana."

Bai ƙara zuwa ba. Ita kuwa kullum bayan ta karya sai ta kira ni, na bar keke na je na kunna mata, mu zauna mu biyu mu ji ana yi maka dariya, don ta ji ka kana ba su haƙuri.

Ya Allah, ga bawanka Maharazu ya zo maka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa kaifin harshensa, ka sa abin da aka yi masa ya zama kaffara. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka daidaita harshensa wajen amsa tambaya. Ka sa karatun Malam Alu da ya adana ya riƙa bin sa da lada har ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Jannatu, wadda ta yi zaman haƙuri da shirunsa, da marayunsa Sadiƙ da Fatima Zahra'u, Allah ya raya su, ya tsare su daga hannun masu neman abin dariya. Ina yi wa dangi na Rano da na Kibiya gaisuwa, da duk gidan da ya taɓa shiga da sandarsa. Waɗanda suka taru a kasuwa ran nan kuwa ba ni da addu'ar da zan yi musu, mai kyau ko mummuna, na bar su da Wanda ya ji su.

Allah ya ba Iya haƙuri. Ni kuma ya ba ni ƙarfin danna wayar nan gobe da safe, domin na san za ta ce a sake.